Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Masallacinmu Zai Samar wa Garinmu Ma'aikatan Lafiya?

Tambaya: Ni ne shugaban wata makarantar Islamiyya a ƙaramin gari, kuma ina cikin kwamitin masallacin Juma'armu. A asibitin garinmu babu ɗan gari ko ɗaya cikin ma'aikata, mace kuwa sai wadda take zuwa daga birni ranar awo. Limaminmu ya sha yin huɗuba a kan muhimmancin karatun likita, jama'a su yi ta kabbara, amma har yau ba mu ga yaron da ya tafi ba. Muna da ɗalibai 'yan sakandare da yawa a Islamiyyarmu, maza da mata, galibinsu 'ya'yan talakawa. Ta ina za mu ɓullo wa lamarin? Akwai ma masu cewa wannan ba aikin masallaci ba ne. Daga wani malamin Islamiyya, Jihar Jigawa.

Amsa: Allah ya gafarta Malam. Bari in fara da masu cewa ba aikin masallaci ba ne, don amsarsu ba ta da tsawo. Da aka harbi Sa'adu ɗan Mu'azu da kibiya a Yaƙin Gwalalo, shekara ta 5 bayan Hijira, a tantin Rufaida Al'aslamiyya aka kwantar da shi tana jinyarsa, tantin nan kuwa a masallacin Manzon Allah yake, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Imamu Gazali ya lissafa ilimin likitanci cikin farillan kifaya, har ya yi kukan yadda ake samun gari cike da masana fiƙihu amma babu mai neman wannan ilimi. Mu ma a nan gida, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bar rubuce-rubuce a kan cututtuka da magungunansu. Malam ya fi ni sanin waɗannan, don haka ba zan tsawaita ba.

Abin da ya fi damuna shi ne huɗubar da ba ta haifar da komai ba. Limaminku bai yi kuskure ba, gaskiya ya faɗa. Sai dai huɗuba kunnen iyaye take shiga, ta motsa zuciya, a watse. Abin da ke tare yaron kuwa yana wani wuri dabam, kuma yana da ranarsa da lokacinsa.

Ga yadda abin yake. Kusan duk makarantar aikin lafiya da ke da rajista a ƙasar nan, daga jami'a har kwalejin nas-nas da ungozoma, kiredit biyar take nema a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizis. Wanda ba ya ajin kimiyya ba zai ma zauna jarrabawar Kemistiri da Fizis ba, balle ya ci. Rabon aji kuwa ana yin sa ne da an gama aji uku na ƙaramar sakandare, lokacin yaro yana da shekara 14 ko 15. A makarantun ƙauye da yawa ba zaɓi ake yi ba: babu malamin Fizis, sai a kwashe kowa a zuba ajin adabi. Yarinyar da ta ji huɗuba tana aji biyu na babbar sakandare, ta koma gida tana cewa ita likita za ta zama, an riga an rufe mata ƙofa tun bara, ba ita ba iyayenta babu wanda ya sani. Kamar manomin da ya fito da iri ne bayan damina ta yi nisa, niyya ta yi kyau amma lokacin shuka ya wuce.

Saboda haka, Malam, ka buɗe rajistar Islamiyyarku ka nemo 'yan aji biyu da aji uku na ƙaramar sakandare. A nan aikinku yake. Kuma kada ku ce duka za ku ɗauka. Ku zaɓi adadin da za ku iya riƙewa shekara shida ko bakwai ba tare da kun saki ba, ko da goma ne. Kuna da abin da ma'aikatar ilimi ba ta da shi: kun san yaran da sunayensu, kun san wadda take haddace shafi kafin 'yan ajinsu, kun san wanda ake ba shi lissafin gado ya warware tun malami bai ajiye alli ba, kun san gidan da tukunya ba ta hawa murhu sau biyu a yini. Amma ku kula da wa kuke zaɓa. In aka bar abin ya tafi da kansa, 'ya'yan 'yan kwamiti da na masu hali ne za su cike gurbin, su kuwa ko ba ku za su tafi. Ku waiwayi 'yar mai tallar koko, da ɗan rugar da ke bayan gari, da marainiya, da gurgun yaron nan mai kaifin ƙwaƙwalwa da kowa ya ɗauka bara ce makomarsa. Duk wanda ya taɓa ganin Bafulatana a gaban ma'aikacin da ba ya jin Fulatanci, tana nuna ciki da hannu shi kuma yana ta rubuta abin da ya ga dama, ya san dalilin da ya sa nake ambaton ɗan ruga. In akwai Kiristoci a garinku, 'ya'yansu ma 'yan gari ne, ranar da ɗayansu ya zama malamin asibiti ba zai tambayi mai ciwo addininsa ba kafin ya ɗaura masa ruwa. Haka nan kada a tambayi yaro ko ubansa ɗan Izala ne ko ɗan ɗariƙa.

Da kun zaɓe su, abu na farko shi ne su samu shiga ajin kimiyya na gaske. In makarantar garinku ba ta da shi, ku sayi fom ɗin makarantun kimiyya na jiha, ku shirya su don jarrabawar shiga. Kada a raina wannan hanya. Makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda tsohuwar Jihar Kano ta buɗe a 1977 tun Jigawa tana cikinta, sun yaye ɗimbin likitocin da ake ji da su yau, kuma da yawansu 'ya'yan manoma ne da aka tsamo daga ƙauyuka ta hanyar jarrabawa.

Abu na biyu darasi ne. Azuzuwan Islamiyya a kulle suke wuni ranakun Alhamis da Juma'a, da kuma wasu safiyoyin. Ku buɗe ɗaya. Ku nemi mai yi wa ƙasa hidima da aka turo yankinku, ko ɗalibin jami'a da ya zo hutu, ko malamin kimiyya da ya yi ritaya, ku ba shi ɗan abin sabulu a kan lokaci, ya riƙa koyar da Lissafi, Kemistiri da Fizis. Turanci kuwa kullum ne, domin shi ne ramin da ya fi cinye yaranmu. Yaro ya san amsa sarai amma bai gane abin da tambayar take nema ba. Ku lura da aikin ɗakin gwaji. Akwai ɗalibai da yawa da ranar jarrabawa ce ranar farko da suka taɓa riƙe bututun gilashin nan mai famfo da ake ɗiga ruwan asid da shi, hannu na rawa, ruwan ya wuce ƙa'ida kafin su lura launi ya sauya. Ku roƙi wata makaranta mai ɗakin gwaji ta ba ku aron yini ɗaya a wata. Haka batun kwamfuta. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta JAMB gaba ɗaya. Yarinyar da ba ta taɓa dafa linzamin kwamfuta ba za ta ɓata minti goma na farko tana neman inda kibiya ta gudu, agogo kuwa yana ta tafiya. Tsohuwar kwamfuta guda biyu a ofishin Islamiyya, da tambayoyin shekarun baya a ciki, sun isa su kawar da wannan.

Na uku, su ga aikin da idonsu. Yaro ba ya sha'awar abin da bai taɓa gani a jikin irinsa ba. Ku gayyato ungozoma Bahaushiya, da hijabinta, ta zo Islamiyya da abin awon jini. Ta ɗaura wa wata ɗaliba a dantse, ta sa wa wata abin saurare a kunne, ta ce mata ta riƙa sassauta iska a hankali har ta ji bugun farko. Ka dubi fuskar yarinyar a daidai lokacin da ta ji shi. Daga nan ungozomar ta gaya musu cewa wannan ɗan awon shi ne ke nuna mai cikin da jijjiga take shirin kamawa tun kafin ta faɗi. Sai a bar su su yi mata tambayoyin da ba za su iya yi wa Malam ba: ko tana da aure, wa ke riƙe mata yara in tana aikin dare, ko jini ba ya ba ta tsoro, nawa ne albashi. Ƙungiyar likitoci Musulmi ta IMAN tana da rassa a jihohi, haka FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985 kuma take da makarantu da asibitoci nata. Ku rubuta musu, ku kuma bi takardar da ƙafa. 'Yan agajin masallacinku ma wata ƙofa ce: yaron da ya iya ɗaure rauni da ɗaukar wanda ya suma a filin Idi ya riga ya sa ƙafa a hanya.

A nan zan ja hankalin Malam a kan kalmar "likita" da ake ta maimaitawa a mumbari. Karatun likita shekara shida ne, gurabensa kaɗan ne, makin da ake nema kuma yana da yawa. In aka nuna wa yara cewa shi kaɗai ne abin nema, tara cikin goma za su ɗauka sun faɗi, alhali asibiti ba likita kaɗai ke riƙe da shi ba. Akwai nas, akwai ungozoma, akwai mai haɗa magunguna, da mai gwajin jini, da mai ɗaukar hoto, da mai gashin ƙashi, da ma'aikacin haƙori, da duba-gari, da jami'in lafiyar al'umma wanda ke yin shekara uku a makarantar koyon aikin lafiya. A gari irin naku, wannan na ƙarshe da ungozoma su ne za su fara dawowa, su ne kuma za a iya buga wa ƙofa da tsakar dare. Makarantun ma ba su yi muku nisa ba: ga ta nas-nas da ungozoma a Birnin Kudu, ga ta Haɗeja, ga ta koyon aikin lafiya a Jahun. Wanda Allah ya ba ƙarfin zuwa jami'a a tura shi da dukkan ƙarfi, amma kada a sa sauran su ji kamar ragowa ne.

Yanzu ga wurin da ya fi wuya, kuma wurin da babu mai iya shigarsa sai ku: 'yan mata. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma, matan da ke haihuwa a hannun ƙwararrun ma'aikatan lafiya ba su kai biyu cikin goma ba. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ce fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu wajen ciki da haihuwa a duk duniya 'yan Nijeriya ne. Mun san yadda abin ke faruwa. Mace ta kwana biyu tana doguwar naƙuda a ɗaki, maigida ya ƙi a kai ta asibiti don namiji ne a can, sai jini ya ɓalle a ɗauko ta a bayan a-kori-kura. In ta rayu, wataƙila a ƙare a asibitin Jahun ko na Babbar Ruga ana ɗinkin yoyon fitsari. Shi kuma wannan maigidan, in ka ce ya ba da 'yarsa ta koyi ungozoma, sai ya ce Allah ya kiyaye. Ba zan zage shi ba, don tsoronsa yana da tushe. Yana tsoron kwanan makaranta a garin da ba shi da kowa, yana tsoron aikin dare, yana tsoron manema su janye, yana tsoron abin da maƙwabta za su ce. Ba a kawar da irin wannan da lasifika. Sai Liman da kansa ya taka zuwa zauren mutumin bayan La'asar, a shimfiɗa tabarma, a bi tsoron ɗaya bayan ɗaya. Uwar yarinyar kuma malamar Islamiyya ta matan aure ta shiga wurinta, domin sau da yawa maganar a ɗakin uwa take mutuwa, musamman in tallar yarinyar ce ke tara kayan ɗaki. In hali ya yi, a ɗauki uban a mota a kai shi ya ga makarantar, ya ga katanga da mai gadi da uwar ɗakin kwana.

An gwada wannan a jiharku, ba labarin wata ƙasa ba ne. Daga 2012 zuwa 2020 an gudanar da wani shiri da tallafin gwamnatin Birtaniya a Jigawa, Kano, Katsina, Yobe da Zamfara, daga baya aka ƙara Borno, don ƙara yawan mata ma'aikatan lafiya. Jama'ar ƙauye ne, da dagatai da limamai, suke tsayar da yarinyar da za ta tafi. Wadda kiredit ɗinta bai cika ba a yi mata karatun share fage ta sake jarrabawa, wadda ya cika a ɗan goge ta kafin jarrabawar shiga. Matan aure ma an ɗauka, har da wurin renon jarirai aka tanada a makarantun, bisa alkawarin in sun gama za su koma garuruwansu su yi aiki. Abin da na ɗauka daga wannan shiri shi ne yarinyar ba ta tafi a matsayin 'yar wane da ta bijire ba, ta tafi ne a matsayin 'yar aiken gari, shi ya sa bakin masu gulma ya mutu.

Batun aure kuwa kada ku kauce masa, don zai zo ko kun so ko kun ƙi. In manemi ya fito, a zaunar da shi da waliyyansa tun kafin a sa rana, a gaya musu yarinyar nan gari ya ɗora mata amana, za ta ƙarasa karatu kuma za ta yi aiki, har da na dare. In ya yarda, a faɗe shi a gaban shaidu, a rubuta. Na fi yarda da alkawarin da aka ɗauka a gaban limamin da mutum zai riƙa bin sa salla sau biyar a yini fiye da wanda aka yi wa yarinya a zaure lokacin zance. Tambayoyin fiƙihu ma za su taso: duba al'aurar mara lafiya, taɓa wanda ba muharrami ba, feɗe gawa don koyo. Malamai sun yi magana a kan dukkansu a babin lalura, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ma ta halatta feɗe gawa don koyarwa bisa sharuɗɗa. Liman ya yi bitar waɗannan tun da wuri, kada a tambaye shi ya yi shiru, shirun nan kaɗai ya isa ya mayar da yarinya gida.

'Yan'uwanmu Kiristoci sun daɗe da gane wannan hanya, kuma babu laifi a koya daga gare su. Wusasa ƙaramin wuri ne a gefen Zariya, amma saboda coci da makaranta da asibiti suna jere wuri guda, yara suna tashi suna ganin masu farin kaya, daga can aka samu Dokta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, a can kuma Farfesa Ishaya Audu ya yi karatunsa na farko, likitan yara wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Asibitin Vom da aka buɗe a 1922 ya horar da nas-nas da suka bazu a Arewa duka. In akwai coci kusa da ku mai irin wannan tsari, ku haɗa darasi ranar Asabar, malamin Kemistiri ɗaya ya ishe ku duka.

Sai kuɗi. Abin da ke kayar da ɗan talaka sau da yawa bai taka kara ya karya ba: kuɗin rajistar NECO, fom ɗin JAMB, kuɗin mota zuwa cibiyar jarrabawa, katifa da bokiti da yunifom. Ku ware asusu na musamman, dabam da na gini da na man janareta, da mutum uku masu sa hannu, cikinsu har da mace. A karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban jama'a lokaci-lokaci, don da zarar an fara ƙus-ƙus a kan kuɗin masallaci, tafiyar ta ƙare. Lokacin kaka ku nemi manoma su ba da mudu-mudu, ku tuntuɓi kwamitin zakka na masarautarku, ku tuna wa 'yan garinku da ke Kano da Abuja da Legas cewa ɗaukar nauyin ungozoma ɗaya sadaka ce mai gudana kamar rijiya. Kuma ku biya kuɗin kai tsaye ga makaranta, a karɓo rasit. Kafin ku biya ko sisi, ku tabbatar makarantar tana da rajista da hukumar da ke ba da lasisi, ta nas-nas da ungozoma ko ta jami'an lafiyar al'umma, kuma kwas ɗin da yaron zai yi yana cikin waɗanda aka amince mata. Makarantun lafiya na bogi sun yi yawa, hukumomi sun sha rufe su, kuma 'ya'yan talakawa ne ke ƙarewa da takardar da ba ta ba su damar taɓa mara lafiya bayan an sayar da akuya da gona.

Wani zai ce, in mun wahala sun gama suka gudu birni ko Saudiyya fa? Zai faru da wasu, kada ku yaudari kanku. Ku yi yarjejeniya mai sauƙi, shekara biyu ko uku na aiki a gida, ku kuma bi ƙaramar hukuma da hukumar lafiya a matakin farko har a ɗauke su a turo su garinku, domin da yawa ba gudu suke yi ba, aikin ne ba a ba su. Ku gyara ɗakin da ma'aikaciya za ta kwana a cikin asibitin, da ƙofa mai kulle da ruwa da fitila. Wanda duk da haka ya tafi, kada a tsine masa a mumbari. A riƙe zumunci da shi, a ɗora masa nauyin yaro ɗaya daga masu tasowa, in ya zo hutun Salla ya shiga aji ya koyar.

Akwai kuma ranar da sakamako zai fito, kuma ba duka ne za su haɗa biyar ɗin ba. Yawanci a nan ake watsar da yara, yarinya ta samu huɗu ta faɗi Fizis, kafin wata uku an ɗaura mata aure, maganar ta wuce. Ku sani makarantun nas-nas da na koyon aikin lafiya suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe, kuma WAEC da NECO duka suna da jarrabawar masu zaman kansu da ake yi a ƙarshen shekara. Don haka tun kafin sakamakon ya fito ku ajiye kuɗin sake zama na mutum uku ko huɗu a asusun, ku kuma shaida wa iyayen tun yanzu cewa wadda ta rasa darasi ɗaya za ta koma aji a makon da ya biyo baya. Allah ya taimaki Malam, ya sa albarka a yaran.